Filin Mawaƙa: Murya tana nan, amma hankali ya tafi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Mawaƙi yana rera baiti daidai, bai saɓa wa kiɗa ba, bai kauce wa kari ba, amma zuciyarsa ba ta cikin abin da bakinsa ke faɗa, kuma mai sauraro yana ganewa. Mun zaɓi guda shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan ina rera waƙata a ɗaki, ni kaina tsikar jikina tashi take yi. Amma da na shiga sutudiyo na sa abin kunne, sai muryar ta fito a bushe, ba shauƙi ko kaɗan. In ta sake ɗauka, kullum ƙara lalacewa take yi. Ina matsalar take? (Wani matashin mawaƙi daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zargi zuciyarka, fara bincikar abin da ake zuba maka a kunne, domin galibin masu irin wannan kuka a nan matsalarsu take.

Na farko shi ne jinkiri. Muryarka tana shiga makirufo, ta ratsa kwamfuta, sannan ta dawo kunnenka, kuma wannan zagayen yana cin lokaci. Idan jinkirin ya haura milisakan 10 zuwa 15 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), mawaƙi yakan ji wani abu ba daidai ba ko da bai san sunansa ba. Sai ya tsinci kansa yana gadin lokaci maimakon ma'anar baiti. Abin da ya fi jawo haka shi ne bafa, wato yawan ƙwayoyin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa su. Injiniya yakan ɗaga ta zuwa 1024 lokacin da yake haɗa sauti don kada kwamfuta ta sarƙe, sai wani mawaƙin ya shigo bai sauke ta ba. Idan ana ɗaukar ƙwayoyin sauti 48,000 a sakan, bafa 1024 tana cin milisakan 21 a shiga kaɗai, ga kuma na fita. Ta 128 kuwa ba ta kai milisakan 3 ba. Ka roƙe shi ya mayar da ita 128 ko 64 lokacin ɗaukar murya, ko ya danna maɓallin da ke jikin akwatin sautin wanda yake mayar maka da muryarka kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba.

Na biyu, Auto-Tune, manhajar da ke miƙar da muryar mawaƙi ta hau daidai kan sautin kiɗa. A yawancin sutudiyoyinmu an riga an kunna shi tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Illarsa a nan ita ce murya biyu kake ji a lokaci guda: taka ta gaskiya da ke zuwa ta ƙashin kanka, da wadda na'ura ta miƙar. Duk lanƙwasar da ka yi wa kalma don ta taɓa zuciya, na'urar za ta ja ta ta miƙe, kai kuma ba da saninka ba sai ka daina lanƙwasawa. Ka ce a cire maka shi daga kunne, a sa shi daga baya. Sai fa idan salon waƙar dama a kan wannan sautin aka gina shi, to nan jin sa yana taimaka maka ka sarrafa shi.

Na uku, ƙarfin murya da kiɗa. Idan muryarka ta yi yawa a kunne, za ka riƙa noƙewa kana rera ta da rabin numfashi, kuma sau da yawa ta faɗo ƙasa da ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai. Idan kiɗa ya danne ta, za ka riƙa turawa da maƙogwaro, ta yi tsauri. Ka tsaya minti biyar a daidaita wannan, ba ɓata lokaci ba ne. Ka nemi a sa maka ɗan eko, wato amsa-kuwwa, a kunne kawai, wanda ba zai shiga ɗaukar ba, saboda ɗakin ɗaukar murya an lulluɓe shi da soso, ba ya mayar da amo irin na ɗakinka, kuma wannan bushewar kanta tana kashe jiki. Wasu sukan zame kunne ɗaya su ji kansu a iska. Yana aiki, amma ka manna ɓangaren da ka zame a bayan kunnenka, ko a kashe shi, don kada kiɗa ya zubo cikin makirufo.

Ka tsaya taƙi ɗaya daga makirufo, wato santimita 15 zuwa 20, da rariyar iska, wato ragar da ke tare hucin baki, a tsakani. Ka fara rera wa injiniya wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ya saita yadda ƙololuwar ba za ta wuce desibel 10 zuwa 12 ƙasa da sifiri ba a ma'aunin ƙarfin sauti, domin a sifiri ne sauti yake fashewa. Da ka san cewa ko ka saki murya ba za ta fashe ba, tsoron sakinta zai bar ka.

Sai mu zo ga yadda ake ɗaukar, kuma a ganinmu nan ne ake yi wa waƙoƙi da yawa kisan mummuƙe. An saba a ce mawaƙi ya yi ɗango ɗaya, a tsaya, a saurara, a gyara, a wuce na gaba. Aikin yana fita tsaf, amma babu wanda zai iya riƙe shauƙi a cikin guntayen sakan huɗu-huɗu. Ɗango na uku yana samun nauyinsa ne daga na farko da na biyu da suka gabace shi a numfashi da tunani. Ka yi haka maimakon wancan: ka rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu ba tare da tsayawa ba, ko ka yi tuntuɓe ka wuce. Ka ce a ɗauka tun daga gwajin farko, domin sau da yawa shi ne ya fi rai, lokacin ba ka fara sa wa kanka ido ba. Kada ka saurara bayan kowace ɗauka. Sai an gama duka, ku zauna ku zaɓi wadda ta fi ratsa jiki ta zama ginshiƙi, a ciro gyara daga sauran. Idan akwai ɗangon da dole a sake, a mayar da kai ɗango ɗaya ko biyu baya, ka shigo kana rerawa tare da tsohuwar muryar, injiniya ya buɗe ɗauka a daidai wurin. Idan kun kai ɗauka shida ko bakwai abin bai zauna ba, ka fita ka sha iska minti goma. Ta takwas ba ta cika fin ta uku ba.

Abu biyu suka rage. Ka haddace waƙar kafin ranar. Mai karantawa daga waya kansa a sunkuye yake, wuyansa a lanƙwashe, idonsa yana bin rubutu, kuma ana jin karatun a murya. Idan dole sai da takarda, a rubuta da manyan baƙaƙe a manna daidai tsayin ido. Sannan ka rage 'yan rakiya. Abokai biyar a bayan gilashi, wani yana dariya wani yana ɗaukar bidiyo, sun isa su sa ka rera waƙar don kada a yi maka dariya. Mutum ɗaya da ka yarda da kunnensa ya wadatar.

Tambaya: Ina waƙa a wuraren biki, wani lokacin wuri uku a ƙarshen mako guda, kuma waƙoƙin dai su ne. Yanzu har nakan farga ina tsakiyar baiti ina tunanin kuɗin mota. Ga masu liƙi, kowa yana son a ambaci sunansa. Yaya zan yi? (Wani mawaƙi daga Kaduna)

Amsa: Malam, wannan ba lalaci ba ne. Duk abin da jiki ya maimaita da yawa, baki yakan iya yin sa shi kaɗai, hankali kuma ya samu sararin yawo. Maganinsa shi ne ka ba hankalin aikin da ba zai yiwu da hadda ba.

Waƙar tsohuwa ce a wurinka, amma mutanen sababbi ne. Kafin ka hau, ka samu wani ɗan gida ka yi masa tambaya uku ko huɗu: wa ya riƙi amarya, daga ina dangin ango suka taso, akwai wanda ya rasu da ake kewarsa a yau? Minti biyar ne. Da ka ji cewa goggo ce ta raini amaryar tun tana goye, baitin rabuwa da gida da ka rera sau ɗari ya samu wadda za a faɗa wa. Ka neme ta da ido a cikin taro ka rera mata shi. Kowane baiti ka ba shi mutum guda, ka riƙe shi har ƙarshen baitin, sannan ka koma wani ɓangaren. Wanda yake share taro da ido daga dama zuwa hagu ba ya kallon kowa.

Ka kuma sauya abu ɗaya a kowane wuri: inda kake jan numfashi, kalmar da kake dannawa, ko ɗangon da za ka sauke murya a kansa har mutane su yi tsit. Ɗaya kawai, kuma ka yanke shawararsa kafin ka karɓi makirufo.

Liƙi kuwa tsari yake so. Ka ware yaro guda don tattara kuɗi, wani kuma ya riƙa karɓar sunaye yana raɗa maka, kada kowa ya zo kunnenka. Ka yi yarjejeniya da mai kiɗa ko DJ cewa bayan amshi na biyu akwai fili, kiɗa yana zagayawa, a nan za ka zuba sunaye da kirari son ranka. Da ka rufe filin ka shiga baiti, ba a katse ka. Makaɗan gargajiya sun daɗe da wannan dabarar. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tsayawa, kuma lokacin da 'yan amshi suka karɓa shi ne lokacin da jagora yake numfasawa, ya dubi fili, ya shirya abin da zai faɗa. Mawaƙin zamani da yake rera baiti ya kuma rera amshinsa da kansa ya toshe wa kansa wannan tagar. Ka samu ko mutum biyu su riƙa karɓa maka.

Akwai maganar da ba za mu ɓoye ba. Idan kana hawa ne a sa waƙar da muryarka a ciki kai kuma kana bi da baki, babu dabarar da za ta dawo maka da shauƙi, domin babu abin da ya rataya a wuyanka a wannan lokacin. Ka koma sutudiyo a fitar maka da kowace waƙa iri biyu: mai kiɗa da amshi kawai, da mai kiɗa zalla. Ka kuma dage a ajiye maka lasifika guda a gabanka tana fuskantarka. Idan lasifikokin duk wajen jama'a suke kallo, abin da kake ji amon bango ne da ya dawo a makare, kuma shi ma yana raba mutum da waƙarsa.

Idan ka farga hankalinka ya tafi, kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, wannan ma wata tafiyar ce. Ka kama kalmar farko ta ɗangon da ke tafe, ka furta baƙinta na farko sosai, ka ci gaba.

Tambaya: Na yi wa mahaifiyata waƙa bayan rasuwarta. Duk lokacin da na zo wani baiti sai kuka ya ci ƙarfina, murya ta sarƙe, in kasa ƙarasawa. Ni matsalata shauƙin ne ya yi yawa. (Wata mawaƙiya daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ya ba ki haƙurin rashi. 'Yar'uwa, abin da ke faruwa a jikinki sananne ne. Idan kuka ya taso, maƙogwaro yana haurawa sama, naman da ke kewaye da shi ya ɗaure, numfashi ya koma guntu-guntu, hanci kuma ya cika. Waƙa tana buƙatar akasin waɗannan duka. Ba so muke ki daina jin abin ba. So muke ki tsaya a bakinsa, inda murya take rawa amma ba ta karye ba, domin a nan ne masu sauraro suke yin kukan.

Ki fara gano ainihin wurin. Ba baitin gaba ɗaya ba ne, yawanci kalma ɗaya ce ko hoto ɗaya. Ki karanta baitin da magana a bayyane, a hankali, sau da yawa, ke kaɗai, ki bar kukan ya zo ya wuce. Ki yi haka kwanaki a jere kafin ki koma rera shi. Kaifinsa zai ragu, ma'anarsa ba za ta ragu ba.

A wurin taro, ɗango biyu kafin kalmar, ki mayar da hankalinki kan aiki: ki saki muƙamuƙi, ki kwantar da harshe a bayan haƙoran ƙasa, ki ja numfashin da zai buɗe haƙarƙarinki ta gefe ba wanda zai ɗaga kafaɗa ba, ki kafa ido a kan abu marar fuska, kamar ginshiƙi ko fitila. A wannan baitin kaɗai kada ki dubi 'yan'uwanki. Idan baitin a sama yake, a sauke waƙar da rabin ki ko ki ɗaya, domin sautin sama ne yake fara karyewa. Ki kuma shirya da 'yan amshinki cewa idan kika ɗaga hannu su karɓi ɗangon, mai kiɗa ya ƙara zagaye ɗaya. Sanin cewa akwai masu tare miki yakan sa ba ki ma buƙace su ba. Kada ki buɗe taro da wannan waƙar, ki sa ta bayan murya ta yi ɗumi.

A sutudiyo kuwa lissafin ya sauya. Ki bari a ɗauki na farko yadda ya zo, ki ce kada a goge. Idan kin yi kuka sosai, ki huta minti ashirin zuwa talatin hanci ya washe, in ba haka ba sautin ba zai haɗu da na farko ba. Wajen zaɓe, ki tsaya a kan a bar ɗan rawar muryar da jan numfashin. Injiniyoyi da yawa hannunsu yana saurin share su, alhali su ne waƙar.

Tambaya: Da an kira sunana sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, ƙafata ta ɗau rawa. Har baitin farko nakan manta. Wani ya ce in sha wani abu kafin in hau. (Wani ɗalibi mai waƙar bege daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ka rabu da wannan shawarar. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, da taramol da makamantansu, suna dusashe tsoron ne tare da abin da kake son ji, ga bushe baki, ga jaraba. Har ƙwayar rage bugun zuciya da wasu ke sha ba a taɓa ta sai da izinin likita, domin tana da haɗari ga mai asma.

Faɗuwar gaban sinadarin adirenalin ne, kuma yana lafawa idan ka ba shi hanya. Minti goma sha biyar kafin hawa, ka ɗumama murya da sautin “mmm” baki a rufe da karkaɗa leɓe, daga ƙasa zuwa sama a hankali. Ka yi 'yar tafiya ko ka girgiza hannuwa, kada ka zauna a takure. Minti biyu na ƙarshe, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar ta baki kana ƙirga takwas, sau shida. Tsawaita fitarwar ne yake rage bugun zuciya. Ruwa kuma tun da safe ake shan sa. Wanda ka kurɓa a bakin dandamali baki kawai yake jiƙawa, ba ya taɓa igiyoyin murya. Lokacin hunturu ka ƙara da shaƙar tururin ruwan zafi minti biyar zuwa goma.

Mantuwa tana kama ɗangon farko ne fiye da kowanne, saboda haka shi za ka fi yi wa hadda, har ya zama ko daga barci aka tashe ka zai fito. Ka buɗe da waƙar da ta fi maka sauƙi. Kai da kake bege ma kana da gata: kafin ka buɗe baki ka yi salati a zuciyarka, ka tuna wanda kake yabo. Tsoro yana ƙaruwa ne idan tunaninka yana kan yadda ake ganinka.

Tambaya: Rufe ido lokacin waƙa laifi ne? Ni sai na rufe nake jin ta. (Wata mai karatu daga Jos)

Amsa: A sutudiyo ki rufe yadda kike so, sai dai ki sa alama a ƙasa inda ƙafarki take don kada ki matsa daga makirufo. A gaban jama'a, ɗango ɗaya ko biyu a wuri mai nauyi ya isa. Idan kika rufe waƙa guda cur, ke kina ji, su kuma an bar su a waje. Idan haɗa ido ne yake ba ki kunya, ki dubi goshin mutum ko saman kan na layin baya.

Tambaya: Yawancin aikina na haya ne: a rubuto waƙar fim, ta talla ko ta siyasa, ni in hau. Ta yaya zan ji abin da ba ni na rubuta ba, wani lokacin ma ban san wanda ake yi wa ba? (Wani mawaƙin sutudiyo daga Kano)

Amsa: Malam, ka nemi rubutun da kiɗan aƙalla kwana ɗaya kafin ɗauka. Wanda aka miƙa wa takarda a ƙofar sutudiyo karatu zai yi.

Ka zauna da biro ka amsa tambaya uku a gefen takardar: wa ke magana, wa yake yi wa, me yake so ya samu? Amsa ta ukun ta zama aiki, ba yanayi ba. “Baƙin ciki” ba ya gaya wa murya abin da za ta yi. “Ina roƙonta kada ta tafi”, “ina zarginsa”, “ina lallashi”, “ina gori”, waɗannan suna gaya mata. Ka rubuta irin wannan a gefen kowane baiti, kuma kada baiti biyu a jere su samu iri ɗaya. Idan waƙar fim ce, ka tambayi darakta abin da ya faru kafin a fara ta da ɗan wasan da zai bi ta da baki, domin muryar saurayin da aka kora daga gidan su budurwa daban take da ta angon da ke jiran a kawo amarya, ko da kalmomin sun yi kama.

Daga nan ka karanta ta da magana, kamar kana faɗa wa mutum a zaure, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da muryarka ta danna da kanta a kowane ɗango. Ita za ka danna a waƙa. Ka sa alama a wuraren numfashi, ka tabbata ba ka yanke jimla a tsakiyar ma'ana ba. Ka lura da inda karin kiɗa ya ja wasalin da gajere ne, ko ya ɗaga gaɓar da a magana ƙasa take. Irin wannan wurin bakinka zai riƙa ƙin sa ko ba ka san dalili ba, hankalinka kuma ya tsaya a kai. Ka nuna wa marubucin ya sauya kalmar ko a gyara karin. Marubuci na ƙwarai ba ya jin haushin haka.

A waƙar talla ko ta siyasa, ka nemi abu ɗaya na gaskiya da za ka iya tsayawa a kansa, ko garin da ake ambata ne da ka sani, ko mutanen da za su ji ta a kasuwa, ka rera musu. Idan ka duba baitocin daga sama har ƙasa ka ga akwai ƙazafi ko cin mutuncin wani, ko maganar da ba za ka iya maimaita ta a gaban mahaifinka ba, ka ce a cire baitin tun kafin ka karɓi kafin alƙalami, in an ƙi ka bar aikin ga wani.